Juma'a Goma Sha Huɗu da Dogara Ya Yi da Sunan Wani

Dogara Zulkiflu mutumin Gumel ne, aikinsa gadi, kuma ya buga wasan besbol a Doha sau goma sha huɗu kacal. In ka duba shafin gasar ba za ka ga sunansa ba. Ni na rubuta sakamakon wasannin nan da hannuna, kuma ni ne ban sa sunansa ba. Wata uku ke nan da dawowata Kano, amma har yau in waya ta yi ƙara da lambar Qatar sai gabana ya faɗi.

Na sauka Doha a watan Yunin 2021, da digirin ƙididdiga a jaka da takardar aikin gadi a wani babban kanti. Direban kamfani ya ajiye ni a ƙofar wani tsohon bene a unguwar Fereej Abdel Aziz, ya nuna min tagar da ke saman shagon tela, ya ja motarsa. Mu shida ne a ɗakin, duk 'yan Arewa. Dogara ne ya karɓi jakata. Ya kwashe kayansa daga gadon ƙasa ya koma na sama, ya ce bai ga alamar na iya hawa tsani ba. Tun ranar yake ce min Mai Digiri, ni kuma ina ce masa Yaya.

Shekararsa talatin da huɗu a lokacin. Ba shi da tsayi, amma yana da faɗin ƙirji da hannayen mutumin da ya tashi a sussukar gero. Ba ya yawan magana. Kullum da kansa yake goge yunifom ɗinsa, har da ɗaga shi wajen taga ya duba karin. Matarsa Rahmatu da 'yarsa Haulat suna Gumel, kuma tun zuwansa a 2017 sau ɗaya ya je ya gan su.

Mutum ɗaya ne ke sa shi surutu, wato Ɗalhatu, direban wani gida, mai gadon da ke kusa da ƙofa. Mahaifin Ɗalhatu wan mahaifiyar Dogara ne, saboda haka taubasai ne, kuma Ɗalhatu, da yake shi ne ɗan namiji, ba ya barin kowa ya manta shi ne ubangida.

"Bawa, ina shayina?" in ji Ɗalhatu, tun kafin ya buɗe ido.

"Yana tare da silifas ɗin wankan da har yau ba ka saya ba," in ji Dogara. "Ubangidan da ke yawo da takalmin bawansa."

Turaren Dogara, cajarsa, hularsa ta zuwa Juma'a, duk Ɗalhatu zai ɗauka ya ce haƙƙinsa ne na gado. Dogara ya bi shi da zagi, mu yi ta dariya. A ɗakin da kowa ke tunanin gida, su biyun nan ne suke sa mu manta.

Inda Dogara ke gadi wani rukunin gidaje ne a Al Gharrafa da ake kira Rukunin Dabino, yawancin mazaunansa ma'aikatan mai ne daga ƙasashe daban-daban. A bayan gidajen akwai filin besbol, da wani keji na raga mai inji a ciki, injin da ke jefo ƙwallo domin a koyi duka. Da aka sa dokar kulle ta korona a 2020 aka rufe filin. Manajan rukunin ya ce wa Dogara ya riƙa kunna injin minti goma duk mako, don kada zafi ya busar da robarsa. Haka yake yi: ya kunna, ya tsaya gefe, ƙwallaye su yi ta dukan raga, ya kashe, ya tsince su ya mayar a bokiti.

Wata rana ya ga sandar da ake dukan ƙwallon da ita a jingine. Mu gora muke ce mata. Ya ce min da ya ɗaga ta sai ya tuna suna yara a Gumel, suna wasan ƙwallon gora da ƙodagon goruba a bayan gari. Ya shiga kejin ya tsaya. Makon farko ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallon ba, ɗaya ma ta same shi a cinya ya kwana uku yana ɗingishi. Minti goma suka zama ashirin. Mako-mako ya zama kullum bayan la'asar. Wata tara yana yi, ba wanda ya sani.

Wanda ya fara sani shi ne Mista Ramon, wani injiniya ɗan Venezuela da gidansa ke kallon filin. Ƙarar dukan ƙwallon ce ta sauko da shi. Dogara ya ce da ya waiwaya ya ga Bature a tsaye da takunkumi a fuska, sai ya saki gorar ya ƙame, ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Sai mutumin ya je ya ƙara wa injin gudu, ya nuna masa gorar ya ce, "Yalla," wato a fara.

Mista Ramon ne kocin ƙungiyar Dabino a wata gasa da kamfanoni ke shiryawa duk safiyar Juma'a a lokacin sanyi. Ba babbar gasa ba ce, ƙungiyoyi takwas ne, amma akwai alƙalai, akwai lasifika, ana ba 'yan wasa ɗan alawus, kuma ana sa sakamakon kowa a shafin intanet. Da za a dawo da gasar a ƙarshen 2021 ya ce yana son Dogara. Sharaɗi biyu ne: katin zama mai rai, da kuma manhajar lafiya ta waya ta nuna kore a bakin ƙofa.

Katin Dogara ya mutu tun watan Agusta. Kamfaninsa ne kafil ɗinsa, wato masu ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar, su ke da alhakin sabuntawa, kuma duk zuwan da zai yi ofis amsar ɗaya ce, gobe in sha Allah. Ya dawo ɗaki da fom ɗin rajista ya sa a ƙarƙashin katifa.

Ɗalhatu ne ya zaro shi. "Don wannan kake kumbura fuska? Ga katina. Ga ƙaramar wayata, manhajar tana ciki. Ni safiyar Juma'a barci nake yi har a kira sallah."

"Hoton fa?" in ji Dogara.

"Da takunkumi da hula wa zai gane ka? Su dama duk kamarmu ɗaya a wajensu. Kuma hancinmu ɗaya, na kakanmu, sai dai nawa ya fi kyau."

Ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Mutum yakan riƙe wa ɗan'uwansa aiki da katinsa in ba shi da lafiya, ko ya karɓar masa saƙo da shi. Duk da haka na ce musu dokar ƙasar ba ta wasa da wannan. Ɗalhatu ya ce, "Mai Digiri, kai tsoron inuwarka ma kake ji." Dogara ya ce wa Mista Ramon Ɗalhatu ne sunansa na yanka, Dogara kuma sunan gida ne. Ya yarda, don ya san yawancinmu suna biyu gare mu. Da aka ce kowace ƙungiya ta kawo mai rubuta sakamako, Dogara ya ce ai akwai mai digirin lissafi a ɗakinsu. Haka aka miƙo min wani dogon littafi mai koren bango, na buɗe shafin farko, na rubuta Ɗalhatu Shehu a layi na biyar.

A bas, kan hanyarmu ta zuwa wasan farko, Dogara ya bayyana min wasan kaf. "Wani zai jefo maka ƙwallo kamar kun yi faɗa jiya. Ka dake ta, ka ruga. Tasha uku ce, ta huɗu gida. In ka kuskure sau uku, ka koma ka zauna. Khalas, shi ke nan."

Ranar biyar ga Nuwamba ce. Tsayawarsa ta farko ya kuskure sau uku a jere. Mai jifar wani ɗan Japan ne siriri, ƙwallonsa sai ta zo daf da mutum ta lanƙwasa. Dogara ya dawo benci yana girgiza kai, ya ce min, "Inji ba ya ƙarya. Wannan mutumin maƙaryaci ne." A tsayawa ta biyu ya jira ta lanƙwasa, sannan ya sakar mata gora. Ta wuce ta saman kan mai jifar. Ya ruga tasha ta ɗaya da gorar a hannu, duk fili ana ihu ya yar, bai yar ba. Da aka tambaye shi ya ce shi mai gadi ne, bai saba jefar da kayan mutane a ƙasa ba. Sai a wasa na uku ya yarda ya riƙa ajiye ta, kuma ajiyewa yake yi a hankali, kamar jariri.

A wasa na tara, cikin Janairu, ana iska mai sanyi, ya tsaya sau huɗu ya samu uku. Ta ƙarshen ta haye shinge, ta haye titi, ta faɗa cikin wani gida ta fasa tukunyar fure. Ya zagaye tashoshin nan ya dawo gida ba ko gudu, mai lasifika yana ta kiran "Dalatu! Dalatu!" 'yan kallo suna amsawa. Ana tashi daga wasan ya cire hular kwano, ya je ya ƙwanƙwasa gidan da kansa ya ba da haƙuri.

Duk Juma'a in mun hau bas tambayarsa ɗaya ce: "Mai Digiri, nawa na kai?" In duba littafin in gaya masa. Da na fara yi masa bayanin cewa ana raba dukan da mutum ya samu da yawan tsayawarsa, sai ya kama lissafi da yatsu.

"Wato cikin goma huɗu nake samu?"

"Huɗu da ɗan ɗoriya, Yaya."

"A makarantarku ai wannan faɗuwa ce."

Na ce masa a wannan wasan wanda ya samu uku cikin goma ma gwani ne. Ya yi dariya har direban bas ya waiwayo. Ya ce ashe akwai sana'ar da mutum zai kuskure sau shida a yaba masa, da ya sani da tuntuni ya bar gadi.

In mun isa ɗaki sai ya miƙa wa Ɗalhatu katinsa da wayarsa, da hotunan bidiyon da nake ɗauka da ita daga benci. Ɗalhatu ya kwanta yana kallo yana cewa, "Kai, amma fa na iya. Dubi yadda na dake ta." Mu yi dariya.

An rufe gasar a watan Maris, kafin azumi. A cikin ƙungiyoyi takwas ɗin nan mutum ɗaya ne ya fi shi yawan duka. Mista Ramon ya ba shi gorarsa ta kansa. Ya kuma gaya masa cewa za a buɗe wata makarantar wasanni ta yara a Al Gharrafa bayan zafi, suna neman mataimakin koci, kuma ya rubuta musu takarda a kansa. In suka ɗauke shi, su za su zama kafil ɗinsa, su yi masa sabon kati. A watan Yuni kwantiragin Mista Ramon ya ƙare ya koma ƙasarsu. Shi kaɗai ne babba a harkar da ya san fuskar Dogara ba takunkumi.

Mun san sunan Ɗalhatu ne a takardar, kuma lambarsa ce a rajista. Dogara bai ga matsala ba. Ya ce in suka kira, za mu je mu uku. Shi zai shiga keji ya daki ƙwallo su gani da idonsu, ni in buɗe littafi in yi bayani, Ɗalhatu ya ce eh haka ne, a ba su haƙuri. Na yi masa alkawari. Ɗalhatu ma ya ce ba komai.

Ana nan kamfanin Dogara ya rasa kwangilar Rukunin Dabino, aka ce duk masu mataccen kati za a sallame su kafin ƙarshen shekara. Kiran makarantar nan ya zama shi ne kaɗai abin da zai tsayar da shi a Doha. Duk mako sai ya tambaya.

"Ubangida, ba su kira ba?"

"Wa zai ɓata katin wayarsa a kan bawa? Ka yi haƙuri, za su kira."

Wata Asabar a watan Oktoba, bayan la'asar, ni da Dogara muka hau rufin bene kwashe shanya. A can ƙarshen igiya, bayan tankin ruwa, an shanya wata shuɗiyar riga an juya cikinta waje. Dogara ya ɗauko ta don kada iska ta yar, ya juya ta daidai. Tambarin makarantar ne a ƙirji, gora biyu a gicciye. A ƙasansa an ɗinka sunan Ɗalhatu da farin zare.

Ya ninke rigar a hankali yadda yake ninke yunifom ɗinsa, muka sauko, ya ajiye ta a kan gadon Ɗalhatu, ya zauna yana jira.

Da Ɗalhatu ya shigo ya ga rigar, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Yaushe suka kira?" in ji Dogara.

"Agusta."

"Yaushe ka fara?"

"Mako uku ke nan." Ya ajiye jakar. "Ka tsaya ka ji. Sunana suka kira, lambata suka kira. In na ce ba ni ba ne, sai in ce wa? In ce na ba wani katina sau goma sha huɗu? Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sai jirgi. Ni ma fa ina da 'ya'ya."

"Da ka gaya min."

"Da na gaya maka da ka tafi can da gorarka ka tona mana asiri duka."

"Kai da ko riƙe ta ba ka iya ba, me kake koya musu?"

Ɗalhatu ya ce yaran 'yan shekara shida ne da bakwai, a kan wani ɗan turke ake ɗora musu ƙwallo su daka. Ya ce wa masu makarantar ya ji ciwo a kafaɗa a haɗarin mota, ya nuna musu bidiyon da ke wayarsa, wanda aka ɗauko daga nesa, mai dukan yana sanye da hular kwano. Aikinsa tsince ƙwallaye da ɗaure wa yara takalmi. Ya gama faɗa ya duba fuskokinmu, ba wanda ya motsa. Sai ya yi murmushi, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba.

"Haba bawa. Tun muna yara duk abin da ka samo nawa ne. Yau ne za ka fara kai ƙara?"

Ba wanda ya yi dariya. Dogara ya tashi ya ɗauki buta ya fita.

Maganar ta kai kunnen Injiniya Abdulganiyu, wani dattijo da ya shekara ashirin a Doha yana aiki a harkar gas, wanda 'yan Arewa ke kai wa rigimarsu. Ya ce mu same shi ranar Juma'a da yamma a wani wurin shan shayi a kasuwar Souq Waqif, kuma in zo da littafin. Saura mako uku a fara gasar cin kofin duniya. An rataye tutocin ƙasashe a ko'ina, 'yan dako suna ta ratsa mutane da baro. A makon nan ne aka ba ni katin aikin tsaro a ɗaya daga cikin filayen gasar. Yana aljihun rigata, ina jin gefensa a ƙirjina.

Injiniya ya saurari kowa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin an ce ya cuci wani ba. Ya ce abin da Ɗalhatu ya yi bai kyautu ba. Amma ya ce in maganar nan ta fita daga teburin nan mutum uku za a kama, kuma a irin wannan lokaci da ido ke kan kowa, duk ɗan Najeriya da ke neman aiki sai ta shafe shi. Ya ce jini ɗaya ne, iyayensu suna raye, a rufa wa juna asiri. Ɗalhatu ya ba da haƙuri, Dogara ya yafe, a tashi.

Ɗalhatu ya ce, "Ka yi haƙuri," yana kallon kofin shayinsa.

"Yallaɓai," in ji Dogara, "aikin ya riga ya tafi, na sani. Ba shi nake nema ba. Ba kuma zan kai ƙara ko'ina ba. Abu ɗaya nake so. Ya faɗa a gabanku, da bakinsa, cewa ni na buga."

Ɗalhatu ya dubi wayoyin da ke kan tebur, ya dubi mutanen da ke zaune kusa da mu. Ya ce, "Allah Ya san wanda ya buga."

"Allah Ya sani. Kai nake so ka faɗa."

"Ni ban san inda maganar za ta je ba."

Dogara ya jinjina kai. Sai ya juyo gare ni, fuskarsa a sake, kamar wanda ya tuna yana da kuɓuta a aljihu. "To ga Mudasiru. Yana wurin duk Juma'a."

Injiniya ya jawo littafin ya buɗe. "Mudasiru, sunan wa ke nan a layi na biyar?"

"Ɗalhatu Shehu, Yallaɓai."

"Rubutun wa ne?"

"Nawa ne."

"Da sa hannunka a ƙasan kowane shafi." Ya rufe littafin ya ɗora tafinsa a kai. "Kai yaro ne mai ilimi, ka san ma'anar wannan. Ka yi tunani kafin ka amsa. Akwai abin da za ka ƙara a kan abin da ka rubuta?"

Na tuna wata mata tana cinikin turare a bayana. Mu huɗu ne a teburin, kuma babu wanda bai san gaskiya ba. Ba ɗan sanda, ba alƙali. Kalma huɗu kawai Dogara yake nema.

Na ce, "Babu, Yallaɓai."

Dogara ya dube ni. Ba harara ba ce. Irin kallon da ya yi wa ɗan Japan ɗin nan ne ranar farko, lokacin da ƙwallon ta lanƙwasa. Ya miƙe, ya gyara kujerarsa ya mayar da ita daidai, ya yi wa Injiniya sallama, ya shiga cikin mutane.

Ɗalhatu ya bar ɗakin a makon, ya koma masaukin makarantar. Dogara bai daina yi min magana ba, kuma wannan ya fi damuna. Yana gaishe ni, yana tashina sallar asuba, amma ya daina ce min Mai Digiri. Mudasiru kawai.

Kamfani ya yanka masa tikitin tara ga Nuwamba, kwana goma sha ɗaya kafin a buɗe gasar da duniya ta zo kallo. Da safen ranar yana ɗaure kaya, ya naɗe gorar Mista Ramon a cikin bargo. Sauran 'yan ɗakin duk sun fita aiki. Na ɗauko littafin da biro na tsaya a kansa.

"Yaya, bari in soke sunan. In sa naka a kowane shafi."

Ya ci gaba da jan igiya. "Yanzu da babu kowa?"

Na rufe littafin.

"Kada ka ɓata littafin mutane," in ji shi. "In za ka rubuta, ka rubuta a inda za a gani." Ya ɗaga jakar ya gwada nauyinta, ya ce in koma gadon sama in na ga dama, ya fi samun iska.

Na yi aikin kofin duniya har ƙarshe. Wata guda ina tsaye a ƙofa ina duba katin mutane, ina haɗa hoto da fuska. Da aka gama ban nemi sabon kwantiragi ba.

Dogara yana Gumel. Yana noman riɗi, yana kuma gadi a wata makarantar firamare. Wani ɗan ɗakinmu ya gaya min hotunan Ɗalhatu da shuɗiyar riga sun zagaye dangi, kowa na cewa ɗan Malam Shehu ya zama kocin Turawa. Haulat ta daɗe tana gaya wa ƙawayenta babanta ɗan wasa ne a Qatar. Da suka duba shafin gasar a wayar wata malama, sunan Ɗalhatu suka gani. Mahaifiyar Dogara ta ce masa kada ya kuskura ya buɗe baki ya raba ta da yayanta, kuma bai buɗe ba.

Littafin yana nan a wurina, ban taɓa ko layi ɗaya ba. Ga abin da ke layi na biyar in an haɗa shafukan duka. Dogara Zulkiflu, ƙungiyar Dabino, daga Nuwamban 2021 zuwa Maris na 2022. Wasa goma sha huɗu. Ya tsaya duka sau hamsin da ɗaya, ya samu ashirin da ɗaya, huɗu daga ciki sun haye shinge. Sau shida aka mayar da shi benci bai taɓa ƙwallon ba, biyar daga hannun masu lanƙwasa. In aka raba, ɗari huɗu da goma sha biyu ne cikin dubu.

Dogara ne ya buga. Ina wurin duk Juma'ar nan goma sha huɗu, na gani da idona. Abin da zan ƙara ke nan, Yallaɓai.